Jaka 48 daga yadi 16: yadda aji biyar ke koyon lissafi da kimiyya a bakin allura

Ajin da za a duba aji biyar ne na firamare, irin wanda ake samu ko'ina daga Kano zuwa Gusau: maza da mata a haɗe, malama ɗaya, ba keken ɗinki, ba wutar lantarki. An tsayar da yawan yaran a kan 48 don lissafin ya fito fili. Mai yara 70 ko 90 sai ya sake bugawa da nasa adadin.

Matsalar ajin sananniya ce. A tambaye su santimita nawa ne a mita, baki ɗaya za su ce ɗari. A tambaye su girman fili, za su rera "tsawo sau faɗi" kamar karatun allo. Amma a miƙa wa yaro rula a ce ya auna littafinsa, sai ka ga ya aza bakin littafin a kan lamba 1, ko a kan ƙarshen katakon rular, ya bar sifili a gefe. Hadda ta zauna, hannu bai san da ita ba. Ga kuma kayan makaranta: gwiwar wando a fashe, aljihu na reto, maɓalli ya tsinke an maye gurbinsa da fil.

Shirin na mako shida ne, darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, da aron wasu darussan lissafi da na kimiyya. Kowane yaro zai yi faci ɗaya, ya ɗinka jakar littattafai ɗaya da hannu. Doka ɗaya ce ta riƙe shirin: almakashi ba ya taɓa yadi sai yaro ya rubuta ƙiyasinsa, ya rubuta lissafinsa, abokin zamansa ya duba. Bayan ɗinki kuma a sake aunawa, a rubuta bambancin abin da aka nufa da abin da ya fito. Duk ajin da ya saki wannan doka, koyon tela yake yi. Sana'a ce mai kyau, sai dai ba ita ake nema a nan ba.

Kayan aiki

A raba yara rukuni takwas, shida-shida. Kowane rukuni almakashi ɗaya mai kaifi, tef ɗin awo ɗaya, zaren keke ɗaya mai launin da ya saɓa da yadin, don a iya ƙirga ɗinki. Allura lamba 7 ta isa, kuma a tuna lambar allura tana hawa ne allurar tana ƙara siranta. A sayi 60, domin sai sun ɓace. Maimakon allin tela, siririn guntun sabulun da ya ƙare yana zana layi tsaf a kan yadi mai duhu, kuma yana fita da wanki.

Ana ƙirga allurai da fita da shiga, a soke su a jikin kwali mai lamba ɗaya zuwa shida. Ba a sa allura a baki, ba a soke ta a hijabi ko a gaban riga. Wanda ya soki yatsa ya wanke da sabulu, kuma ba mai karɓar allurarsa. Ba a raba fil. Ɗinkin riƙo mai faɗin taku yana yin aikinsa, ya kuma rage abubuwa masu tsini a ƙasan ajin da wasu ke yawo ba takalmi.

Ba a cika shan wahalar shawo kan yara maza ba. Ɗinki a ƙasar Hausa tsohuwar sana'ar maza ce: teloli, maɗinka hula, masu aikin babbar riga irin na birnin Zariya. Yaron da kawunsa ke da shago a bakin kasuwa ba ya ganin allura abin kunya.

Mako na farko: kamu, inci da santimita

A fara da awon da kakanni suka sani. Kowane yaro ya auna tsawon benci da ɗani, sannan da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. A rubuta amsoshin a allo. Benci ɗaya ne, amsoshi sun kai biyar ko shida, domin hannu ya fi hannu. A nan yaran da kansu ke faɗin dalilin da ya sa ake buƙatar ma'auni ɗaya, ba sai an karanta musu ba.

Daga nan sai rikicin da ya fi kowane amfani. Nijeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, littafin makaranta da santimita yake magana, amma kasuwa ba ta bi ba. A Kantin Kwari da yadi ake yanka, atamfa turmi guda yadi shida ce, tela da inci yake auna kafaɗa, mai hula ya tambaye ka lamba 22 kake sawa ko 23, wato incin kewayen kanka. Yaro yana rayuwa tsakanin ma'auni biyu, ba wanda ya taɓa haɗa masa su. Tef ɗin tela ya haɗa su a jiki ɗaya, inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar. Yara su ɗora yatsa a kan inci 36, su juya tef ɗin, su ga sun faɗo tsakanin 91 da 92. Yadi ɗaya ke nan, santimita 91.44. Inci ɗaya kuwa 2.54. Mita ta ɗara yadi da kusan santimita takwas da rabi, abin da ba ya cika ido a yadi ɗaya amma ya zama santimita 51 a turmi.

Ga kuskuren da ba ya ƙin faruwa. An ce a zana faɗi 31, tsawo 78, a kan tsohuwar jarida. Wata yarinya ta riƙe tef ta fuskar inci, ta zana 31, ta zo neman 78 sai tef ya ƙare mata a 60.

"Malama, tef ɗinmu guntu ne."

"Kawo mu gani. Wane gefe kika karanta?"

Ta juya, ta ga wancan 31 da ta zana ya zama kusan santimita 79. Kada malama ta yi saurin gyarawa. A ɗaga takardar sama, a jera ta da ta wani rukuni, aji ya nemo abin da ya faru. Lamba ba tare da sunan ma'auninta ba rabin magana ce, kuma daga ranar duk wanda ya rubuta 31 tsirara sai a mayar masa da littafinsa.

Mako na biyu: me ke cikin ƙyalle

Kowa ya zo da ƙyalle daga gida, ko a roƙi telan unguwa ragowar yankansa. Yara su zare zare ɗaya daga gefe, su ga saƙa zare biyu ne masu gicciye, na tsaye da na kwance, wanda masaƙan gargajiya ke kira abawa. Su ja ƙyallen ta tsaye, ba ya miƙewa. Ta kwance, ɗan kaɗan. Ta kusurwa zuwa kusurwa kuwa sai ya miƙe kamar danƙo. Wannan jan na uku zai dawo a makon faci.

Gwajin ruwa: ƙyallaye masu girma ɗaya, ruwa cokali ɗaya kowanne, a shanya su wuri ɗaya, a duba wanda ya fi sha da wanda ya riga bushewa. Auduga tana sha, tana jinkirin bushewa. Yadin roba ba ya sha sosai, yana saurin bushewa, shi ya sa yake riƙe gumi a jiki lokacin bazara. Abin koyo a nan shi ne adalcin gwaji. Rukunin da ya shanya ɗaya a rana ɗaya a inuwa bai gwada yadi ba, rana ya gwada.

Gwajin wuta malama kaɗai ke yi, a waje, da ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, a riƙe da awartaki, bokitin ruwa a kusa. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana janyewa daga wuta, ta narke, ta ɗiga, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Gauraye yana nuna halin biyun. Yarinyar da ta ga wannan ɗigon ba sai an yi mata dogon wa'azi ba kan hura wuta da hijabin roba yana lilo a bakin murhu.

Gwajin da jaka ta dogara a kansa shi ne na tsukewa. A zana murabba'i mai santimita 20 ta kowane gefe da biro a kan sabon akoko, a wanke, a shanya, a sake aunawa. Idan gefen ya koma 19, ya ragu da ɗaya cikin ashirin, kashi 5 cikin ɗari ke nan. Dalili kuwa, a masaƙa zaren a miƙe yake da ƙarfi, ruwa ya taɓa shi sai ya saki jiki ya koma, kuma na tsaye ya fi komawa domin shi aka fi ja. Yara masu kaifi za a iya tura su gaba: fili ya tashi daga 400 ya koma 361 idan gefen biyu duk sun zama 19, wato kusan kashi 10, ba 5 ba. Akasarin aji biyar ba su isa nan ba tukuna, kada a matsa.

Mako na uku: ɗinki biyu

Ɗinki biyu sun isa. Na farko shi ne allura ta shiga ta fita tana tafiya gaba. Na biyu mai komawa baya, inda allura ke fitowa gaba ta dawo ta shiga ramin da ta baro, shi ne mai ƙarfi kamar na keke. Tsawon zare a allura kamu ɗaya. Yara suna son dogon zare don gudun sake zurawa, shi kuwa yana ƙullewa, yana kuma lalacewa saboda yawan ratsa yadi.

A ja layin santimita 10, a nufi taku 20, kowanne milimita 5. A ƙirga abin da ya fito. Wanda ya sami 13 ya raba 100 da 13 ya ga takunsa ya kusa milimita 8. Sannan a warware ɗinkin a auna zaren da ya ci. Mai tafiya gaba ya ci kusan tsawon layin, mai komawa baya ya ci kusan ninki uku, domin taku ɗaya yake yi a sama, biyu a ƙasa. Gefen jaka biyu santimita 70 ne, za su ci zare wajen 210, ban da ƙulli.

Mako na huɗu: faci

Kada a fara da yunifom ɗin da yaro zai sa gobe. A gwada a kan tsumma tukuna.

A ce ramin gwiwar wando santimita 3 ne da 4, bakinsa a zazzare. A gyara shi da almakashi ya zama mai kusurwa huɗu, 4 da 5, ana bin zaren saƙa. Facin zai wuce ramin da santimita 2 ta kowane gefe, da ƙarin 1 na kalmasa. Uku ke nan a dama, uku a hagu, uku sama, uku ƙasa, sai a yanka 10 da 11. A fara yankawa a takarda. Yara da yawa za su yanka 7 da 8, sun ƙara ukun sau ɗaya, sun manta rami baki biyu gare shi ta kowace fuska. A bar su su ɗora takardar da suka yanka a kan ramin, su kalmashe ta, su ga ba ta da abin kamawa. Wannan ne dalilin da ya sa takarda ke riga yadi.

A kalmashe bakin facin, ya koma 8 da 9. A ɗora shi ta cikin wandon, fuskarsa mai kyau tana leƙowa ta ramin, a riƙe da ɗinkin riƙo, a bi kewayensa, santimita 34. A juyo waje, a ɗan tsaga kusurwoyin ramin huɗu rabin santimita, a lanƙwasa bakin ciki, a bi shi da ƙananan taku. Ramin ya zama 5 da 6, kewaye 22. A nan ake bambance girman fili da kewaye, abin da alli ya daɗe yana kasawa: fili shi ne ƙyallen da aka ci, kewaye shi ne tafiyar allura.

Faci yana lalacewa ta hanya uku. Idan sabon yadi ne ba a wanke ba, wankin farko zai tsuke shi ya tattaro wandon kamar bakin zabira. Idan an yanke shi a karkace, zai miƙe ya yi tumbi a gwiwa. Idan ya fi wandon kauri da ƙarfi, tsohon yadin ne zai yage a bakin ɗinkin, ramin ya fi na da. Biyun farko suna da gwajinsu a mako na biyu, kuma aikin malama ta sa yaro ya buɗe littafinsa ya nemo wanne ne.

Mako na biyar da na shida: jaka

Jakar za ta fito faɗi 28, tsayi 35, don ta ɗauki littafi mai girman takardar A4, wadda take 21 da 29.7. Ƙyalle ɗaya ne a ninke a gindi. Faɗi: 28, da 1.5 na cin ɗinki ta kowane gefe, 31. Tsawo: 35 sau biyu, da 4 na kalmasar kowane baki, 78. Maratayi: faɗi 8, tsawo 78, a lanƙwasa santimita ɗaya ta kowane gefe, a ninka biyu, ya fito 3.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a shirin: yadi nawa za a sayo wa mutum 48? Faɗin yadin inci 45 ne, wajen santimita 114, a cire bakin masaƙa a bar 112. Kowane rukuni ya zana wannan faɗin a ƙasan aji da alli, ya jera takardunsa.

Dabarar da ke fara zuwa ita ce kowa da rabonsa, jiki da maratayi gefe da gefe, 39. Mutum biyu a layi, 34 ya tafi a banza. Layi 24 sau 78, santimita 1,872, yadi ashirin da rabi. Masu son ninkawa kuma za su ce 39 sau 78 sau 48, a raba da 112, su sami 1,304. Lissafinsu daidai ne, sai dai yadi ba gari ba ne da za a tattara ɓurɓushi a cika mudu. Wannan lambar iyaka ce da ba za a sauka ƙasa da ita ba.

Can sai wani rukuni ya lura 34 ɗin da ake zubarwa ya ishi jiki guda. Jiki uku a layi 93, ragowar 19 ta ɗauki maratayi biyu. Layi 16 ya ba da jiki 48 da maratayi 32. Ƙarin layi ɗaya ya ba da maratayi 14, biyun da suka rage a yanke su a kwance, santimita 16. Jimla 1,342, yadi 15 ba kaɗan. A ƙara kashi 5 na tsukewa, a sayi 16. Dabarar farko da irin wannan ƙari 22 za ta ci. Tazarar yadi shida ce, turmi guda cur. A ƙaddara yadi naira 1,500 ne: 24,000 da 33,000, wato naira 500 a kan kowane yaro maimakon 687 da kobo 50. Farashin gaske yara su tambayo a kasuwa.

Wani tarko: faɗi ma yana tsukewa. Jerin nan yana buƙatar 109 cikin 112, rarar uku kacal. Saboda haka a wanke yadin duka, a sake auna faɗinsa kafin a zana layi ko ɗaya. In ya gaza 109, maratayi ɗaya ne zai shiga layi, lissafi ya koma farko.

A kalmashe bakuna biyu tun ƙyallen yana shimfiɗe, ɗaya sannan uku. Auduga tana karɓar guga da farce ko bayan cokali. A ninka fuska mai kyau tana ciki, a ja layi santimita 1.5 daga baki, a bi da mai komawa baya, taku 70 kowane gefe. A juya. Maratayi ya shiga santimita 4 ta kowane gefe, a ɗinke shi murabba'i da gicciye a tsakiya, domin nan ne nauyin littattafai ke taruwa, nan jaka ke fara mutuwa. Sannan tef ya dawo. Jakar da ta fito 26 maimakon 28, mai ita ya ci 2.5 a kowane gefe, kuma shi zai gano hakan ya rubuta.

Almakashi ne ke cin lokaci. Mutum shida a kan guda ɗaya, biyar suna zaune, zaman banza kuwa a aji biyar ya san inda yake kaiwa. Masu jira su rubuta matakan ɗinkin da Hausa, su ba abokin zama ya bi su kalma da kalma a kan takarda. Wanda ya rubuta "ka ninka" bai ce ta wace fuska ba, zai ga jakarsa ta fito ɗinki a waje. Darasin rubutu ke nan, kuma mai duba shi ba ya karɓar "ai ka gane abin da nake nufi". Wasu su karanta rubutun bakin atamfa su nemo inda aka yi ta, a bi hanyar auduga daga gonakin Funtuwa zuwa masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, a tambayi dalilin da ya sa yawancin masaƙun garin suka rufe, yadin waje ya cika kasuwa.

Maki, da abin da ya rage

Aikin ba ya zuwa gida. In ya je, zai dawo da takun inna ko na yaya, sumul kamar na keke, ba a san abin da yaron ya iya ba. Maki kashi uku ne: lissafin da aka rubuta kafin yanka, awon da aka yi bayan ɗinki, da bayanin bambancinsu. Kyan ɗinki yana samun yabo, ba ya samun maki mai yawa. In ba haka ba 'yar gidan tela za ta kwashe komai, alhali wataƙila da ido take aiki, ba ta buga lissafi ko ɗaya ba.

Inda irin wannan shiri ya fi faɗuwa shi ne a ɗauka wanda ya iya a yadi ya iya ko'ina. Ba lallai ba. Yaro yana iya sanin a ƙara uku ta kowane gefen faci, a kawo masa tambayar jarrabawa iri ɗaya ya tsaya yana kallon silin. Don haka mako biyu bayan an gama, a kawo tambayoyin ba allura ba zare. Taga mai faɗi 60 da tsayi 90, za a sa mata ragar sauro da za ta wuce da santimita 5 ta kowane gefe, nawa za a yanka? Falle ɗaya na katako mai 122 da 244, allo nawa mai 30 da 40 zai fitar? Wanda ya ce 65 da 95 a tambayar taga, a miƙa masa wandonsa ya sake auna facin.